Kwamfutar gyaran hoto da wasan yara: amsa ga wani mai ɗaukar hoto a Agege

Wani ƙanena mai ɗaukar hoto a Agege ya turo min wannan tambaya: "Yaya, adashina ya kusa fitowa. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da walimar sauka, amma gyaran hoton a waya nake yi, ko in kai wa wani a Ikeja in biya. Ina so in sayi kwamfuta in ajiye a gida, in riƙa gyaran hoto da ita, yara kuma su riƙa buga ƙwallo a kanta idan sun dawo daga makaranta. An nuna min wata laftof Tokunbo, Core i7, mai araha, an ce za a sa min Photoshop da wasanni kyauta. In saya?"

Ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka saya tukuna. Ban ga na'urar ba, amma abubuwa ukun da ka ambata, wato i7 mai araha da manhajar kyauta da haɗa aiki da wasa a na'ura guda, su ne ainihin abubuwan da suka fi dawo min da mutane shago ransu a ɓace. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a kasuwar Computer Village, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurina 'yan sana'arka ne, don haka bari in yi maka bayani yadda zan yi wa wanda muka fito ciki ɗaya.

Mu fara da wannan i7 ɗin. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, domin kamfanin Intel ya fara amfani da shi tun 2008, kuma ya yi shekara da shekaru yana maƙala shi a jikin furosesa iri-iri, wato guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. Idan ka ga i7-4600U, wannan 4 ta farko tana nufin zubi na huɗu, kayan wajen 2013. Idan ka ga i5-8350U, zubi na takwas ke nan, na ƙarshen 2017. Wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba, don ƙwaƙwalwar aiki huɗu gare shi, wancan kuwa biyu. Mai sayarwa ya san ido yana tafiya ne ga sitikar da ke manne kusa da madannai, shi ya sa i7 zai yi ta nanata maka, ba zai ambaci zubi ba sai ka tambaya.

Dalilin da ya sa wannan magana ta ƙara nauyi yanzu shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana kunnuwa tana aiki, amma facin tsaro da ake turo mata duk wata ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da aka yi wa masu amfani a gida, wanda aka tsara zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen na AMD daga wasu na jerin 2000 zuwa sama (a laftof kuwa daga jerin 3000), sannan da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshi da kamfanoni a Turai da Amurka sun yi ta sauke tsofaffin na'urorin da ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma ka san inda irin wannan kaya yake sauka. Arahar da ka gani tana iya zama daga nan take. Za a ce maka ai ga Windows 11 a kanta, duba da idonka. Gaskiya ne ana iya tursasa mata ta hau ta bayan gida, ni ma na iya, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Abin da za ka ci abinci da shi shekara huɗu ko biyar bai kamata ya tsaya a kan wataƙila ba.

Ba cewa nake Tokunbo ba ta da kyau ba. Mafi yawan abin da nake ba masu hoto shawara su saya na hannu ne, domin laftof ɗin ofis da aka yi wa ƙira mai ƙwari ta fi sabuwa mai jikin roba da ake sayarwa a farashi ɗaya. Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5, galibinsu zubi na takwas ne, amma ka duba lambar don akwai masu zubi na bakwai a cikinsu, kayan gyaransu kuma cike suke a kasuwa. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar matakin da zan yarda ka tsaya a kai. In kuɗin ya kai ka zubi na goma sha ɗaya ko sha biyu, ko Ryzen 5 na jerin 5000, ya fi.

To amma ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, don nan ne masu hoto suka fi yin asara ba su sani ba: allo. Kowa furosesa yake tambaya, kowa ram yake tambaya, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kai, ba mai tambayar allon da zai zuba wa ido dare da rana yana yanke hukunci a kan kalar fatar mutane. Yawancin laftof ɗin ofis an yi su ne don rubutu da lissafi, allonsu ba ya iya nuna dukkan kalolin da ke cikin ma'aunin da ake kira sRGB, wanda shi ne waya da intanet da yawancin wuraren wanke hoto suke bi. Wasu kusan kashi biyu cikin uku kawai suke nunawa. Akwai ma masu tsohon allo nau'in TN, wanda in ka ɗan sunkuya ko ka miƙe sai hoton ya sauya haske. Ita kanta T480 da na ambata tana zuwa da allo iri-iri, akwai mai kyau, akwai wanda ba zan gyara hoton fasfo a kansa ba.

Ka ɗauki misali da aikinka na kullum. Ango ya sha farar shadda tana ɗaukar ido, amarya baƙa ce kyakkyawa, ta sha jan leshi da lalle har gwiwar hannu, zauren bikin kuma an cika shi da fitilu shuɗi da ruwan hoda. Wannan yana cikin hotuna mafi wuya a duniya, domin fari mai ƙyalli da fata mai duhu suna cikin firam guda. A allo maras kyau jan leshin zai yi maka kamar ya koɗe, sai ka ƙara masa kala har ya yi maka daidai. Fuskar amarya za ta yi maka duhu, sai ka ƙara haske. Ka tura wa dangi, su buɗe a wayoyinsu masu allo mai kaifi, sai ga leshi ya koma kamar jini, fuskar amarya ta yi toka-toka, aikin zaren da ke wuyan rigar ango ya ɓace cikin fari. A kai wurin wanki a buga albam, abin ya ƙara muni. Kai kuwa ba ka yi ganganci ba, abin da allonka ya nuna maka ka bi. Na ga wani yaro mai hannu sosai da ya rasa wata babbar kwastoma a Idi-Araba a kan haka, ya zo yana ce min furintar masu wanki ce ba ta da kyau. Na buɗe masa hoton a allon shagona, ya yi shiru ya daɗe yana kallo.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ke damuna. Gyaran hoto ba sauya wa mutum halitta ba ne. Ana yawan mayar da amare farare fes a hoto har uwar da ta haife su ta tsaya tana tantama. Wasu amaren su suke nema, na sani, amma aikinka shi ne ka fito da hasken da ke cikin fatar kamar yadda Allah ya yi ta, ka cire ƙurji da gumi da shuɗin fitilar da ya zauna a goshi, ka bar mutum a kamanninsa. Albam ɗin nan jikoki za su buɗe shi wata rana. Kuma ba za ka iya wannan aiki mai laushi ba sai da allo mai faɗin gaskiya.

Mafita mai sauƙi ce. Ka ware kuɗi tun farko don allo na daban, inci 24, nau'in IPS, wanda aka rubuta yana nuna kashi 99 ko 100 na sRGB. Jerin Dell UltraSharp da ASUS ProArt an san su da wannan, kuma UltraSharp na hannu ba ya wuyar samu a Ikeja. Ka jona shi da laftof, ka ajiye shi inda hasken taga ba ya dukansa kai tsaye, ka rage haskensa zuwa wajen rabi, domin allo mai tsananin haske yana sa ka fitar da hoto mai duhu a takarda. Sannan ka zaɓi hoto biyar, ka kai wurin wankin da kake hulɗa da su, ka dawo da su ka kara a gefen allon ka kwatanta. Da haka za ka san inda allonka yake ƙari da inda yake ragi. In aka ce in zaɓa maka tsakanin i7 da allo maras kyau, ko i5 da allo mai kyau, ba zan yi dogon tunani ba, na biyun zan ɗauka.

Ram kuwa, gigabait 16 nake so ka nema. Takwas za ta buɗe manhajar, amma da zarar ka loda hoton biki ɗari biyar ka buɗe burauza a gefe, sai ta fara ja da ƙafa. Ka tambaya ko ram ɗin ana iya ƙarawa ko a like take da allon uwa, don da yawa daga cikin siraran laftof na yanzu ba a ƙara musu. Kuma ka sa a cika maka ita tun ranar saye, domin farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sakamakon yadda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke kwashe ta. Ma'ajiya kuma dole ta zama SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, aƙalla gigabait 512. Tsohon faifai mai juyawa a matsayin gidan Windows ya wuce zamani.

Za ka ce me ya sa laftof nake ta ambata, ba kwamfutar tebur ba, alhali a gida za ka ajiye. Saboda wuta. A kuɗi ɗaya kwamfutar tebur ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin gyara, ba ta kuma zafi kamar laftof. Irin su Dell OptiPlex 7060 da HP EliteDesk 800 G4 dawakan aiki ne. Amma ka san halin da ake ciki: kana tsakiyar fitar da hoto ɗari uku a ɗauke wuta, komai ya tsaya cak, wani lokacin ma kundin aikin ya lalace. Dole sai ka haɗa mata da UPS ko inbata. Laftof kuwa batirinta shi ne inbatarta. Ga kuma kuɗin wutar kansa. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauto zuwa wajen 209. Yi lissafi da wannan: babbar kwamfutar wasa mai jan wat 400, in ta yi awa biyar ta sha yunit biyu, sama da naira 400 ke nan a rana. Laftof mai jan wat 60 a awa biyar ɗin ba ta kai sulusin yunit ba. Ƙaramin sola ma yana riƙe ta. In layinku na samun wuta sosai kuma kana da inbata, sayi ta tebur, ba ka yi kuskure ba. In ba haka ba, laftof da allo na daban. Ko wacce ka saya, kada ka jona ta kai tsaye da ƙaramin janareta ba tare da abin kare hauhawar wuta ba, kuma kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ƙofofin iskarta a ƙasa suke.

Wasu abokan sana'arka za su ce ka sayi MacBook. Suna da hujja. Tun da Apple ya fito da furosesansa na M1 a Nuwamban 2020, na'urorinsa suna da allo mai kyau, batir mai daɗewa, ba sa cin wuta. Illarsu ita ce ba a ƙara musu ram ko ma'ajiya bayan saye, gyaransu da tsada, kuma ta hannu tana iya zuwa a kulle da asusun mai ita na farko ko na kamfanin da ya mallake ta. In za ka saya, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a jona ta da intanet, ka shiga da naka asusun kafin ka biya.

Yanzu maganar Photoshop na kyauta. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata. Don haka wanda za a sa maka a kasuwa fasasshe ne, an ɓalle masa makulli. Ka bar ma maganar haƙƙin masu shi, wadda ita ma abin dubawa ce ga mai neman halak. Kafin fasasshiyar manhaja ta hau, sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato Windows Defender, kuma sau da yawa a kashe ake barinsa. Ta wannan ƙofa ɓarayin kalmar sirri suke shiga, su kwashe duk abin da burauzarka ta adana: imel, Instagram ɗin da kake tallar aikinka, Facebook, har bayanan banki. Akwai kuma nau'in bairos da ke kulle duk hotunan da ke cikin na'ura ya nemi kuɗin fansa. Ka tuna abin da ke cikin kwamfutar mai hoton biki: matan mutane ne da 'ya'yansu, wasu a wurin kamu ko sa lalle inda ba kowane namiji ake bari ya shiga ba. An yarda da kai ne aka bar ka ka ɗauka. Wannan amana ce, ba a jingina ta da manhajar da ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba.

Kuma gaskiyar magana, ba Photoshop ne babban abin da kake buƙata ba. Shi an yi shi ne don a zauna a kan hoto ɗaya a yi masa aiki mai zurfi. Kai kuwa da hoto ɗari takwas kake dawowa daga biki guda. Abin da ya dace da kai shi ne manhaja irin Lightroom Classic, wadda za ka gyara hoto ɗaya ka daidaita haskensa da kalarsa, sannan ka shafa wannan gyaran a kan sauran hamsin da aka ɗauka a wuri ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan. Tsarin Adobe da ya haɗa Lightroom da Photoshop ya daɗe a kan dala 9.99 a wata, amma a Janairun 2025 aka rufe wannan ƙaramin tsarin ga sababbin masu shiga, aka bar mai dala 19.99. Akwai na Lightroom kaɗai da bai kai haka ba. In kana samun biki biyu ko uku a wata, ka saka wannan kuɗi a cikin farashin aikinka kamar yadda kake saka kuɗin mota, ka kuma tambayi bankinka ko katinka na naira yana biyan kuɗi a waje.

In ba ka kai nan ba tukuna, akwai hanyoyin halak da ba ka biyan ko kwabo. Na farko da mutane suke mantawa: kamfanin kyamararka yana da tasa manhajar kyauta. Canon yana da Digital Photo Professional, Nikon yana da NX Studio, Sony yana da Imaging Edge. Ba su da sauri sosai, amma kalar da suke fitarwa ita ce wadda ka gani a bayan kyamararka. Sai darktable da RawTherapee, dukkansu kyauta ne, suna da ƙarfi, sai dai darktable tana buƙatar haƙuri kafin hannu ya faɗa. Don aiki mai zurfi a kan hoto ɗaya ko tsara shafukan albam, akwai GIMP, wanda zubinsa na 3.0 ya fito a Maris 2025, sannan akwai Affinity. Kamfanin Canva ya sayi masu Affinity a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya haɗe manhajojinsu uku wuri guda ya sake su kyauta, asusun Canva kawai ake buɗewa. A ganina wannan shi ne labari mafi amfani ga ƙananan masu hoto a 'yan shekarun nan, domin ya kashe uzurin cewa sai da fasasshen Photoshop ake aiki. In ni ne kai, da manhajar kyamarata da Affinity zan fara, in kasuwa ta buɗe in koma Lightroom.

Duk wannan ba zai yi cikakken amfani ba sai ka koma ɗaukar hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG da aka saba. JPEG kamar tuwon da aka riga aka kwashe ne, sai dai ka ɗumama. RAW kuwa garin ne da ruwan a hannunka. Shi zai ba ka damar dawo da zaren rigar ango da ya ƙone cikin haske, ka cire shuɗin fitila daga fuska ba tare da fatar ta lalace ba. Kuɗinsa shi ne wuri: a kyamara mai megafiksel 24, kowane hoto yana cin wajen megabait 25 zuwa 30, wato hoto dubu ya kusa gigabait 30. Idan za ka tura wa kwastoma ta WhatsApp kuma, ka tura a matsayin fayil, don in ka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse hoton ta zubar da rabin wahalarka.

Wannan ya kawo mu ga ajiya, kuma a nan ina magana ne da abin da na gani da idona. Wata ranar Litinin wani mai hoto ya zo shagona riƙe da faifan ajiya na waje a cikin leda, hannunsa na rawa. Bikin 'yar wani attajiri ya ɗauka kwana uku, ya kwashe komai ya zuba a faifan, ya goge katin kyamara don yana da wani aiki washegari. Ɗansa ƙarami ya ja wayar, faifan ya faɗo daga tebur yana cikin juyawa. Da na jona shi sai ƙara kawai yake, ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ƙarar allurar ciki ce take dukan faifai, kuma duk sake kunnawa ƙara ɓarna ce. Ban iya ceto komai ba. Kuɗin da ya mayar bai dame shi ba kamar zuwa gidan mutanen ya faɗa musu cewa hoton ɗaurin auren 'yarsu babu shi, kuma ba a sake ɗaurawa. Saboda haka ka riƙe wannan ƙa'ida: kowane aiki ya zauna a wuri uku kafin ka goge kati. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya kuma ba a cikin gidanka ba, ko a intanet ko a wani faifan da ka ajiye wurin ɗan'uwa. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ya isa ka ajiye zaɓaɓɓun hotunan da ka gama gyarawa kafin ka miƙa su. Katin memori da filash kuma jabu sun yi yawa, za a rubuta 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya fara cinye hotunan farko. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta karanta ta gaya maka gaskiyarsa. Ka gwada kowane sabon kati kafin ka kai shi wurin biki. Kyamara da gilasanta kuma ka sa su a akwati mai rufuwa ruf da ƙullin sinadarin tsotse danshi, don laimar Legas tana sa gansakuka ta tsiro a cikin gilashi.

Saura yara. Na ji daɗi da ka sa su a lissafi, kuma ba na cikin masu ganin wasan gem ɓata lokaci ne zalla. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Laftof ɗin da na kwatanta maka ba ta da katin zane na musamman, wato guntun da ke sarrafa hotunan wasa, ba za ta ja wasan ƙwallo na zamani yadda ya kamata ba. Wadda za ta ja shi kuwa kuɗinta ya ninka, tana zafi, batirinta ba ya daɗewa. Ko da kana da kuɗin, matsalar ba ta ƙarfi ba ce kawai. Yaro zai ga bidiyon da ke cewa danna nan ka samu wasa kyauta, zai danna, ba da mugun nufi ba. Ruwa zai zube, waya za ta jawu. Kuma ranar da kake da aikin gaggawa ita ce ranar da suke hutu.

Ka raba musu nasu. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, tana nan da yawa ta hannu, kuma har EA Sports FC 26 da ya fito a Satumban 2025 an yi mata shi. Wannan shi ne wasan da yara suke ce wa FIFA har yanzu, sunan ne ya sauya a 2023 bayan kamfanin EA ya rabu da hukumar ƙwallon. Akwai kuma eFootball na Konami, magajin PES, wanda ake saukewa kyauta tun 2021. PlayStation 5 ta fi ta ta kowace fuska kuma tana buga kusan duk wasannin PS4, amma maimakon ta yi araha da tsufa sai ƙara tsada take, a Agustan 2025 Sony ya kai mai cin faifai dala 549.99 a Amurka. Ba da kuɗin adashin farko ake sayen wannan ba. Duk wadda za ka saya, ɗauki mai cin faifai, domin sauke wasa ɗaya ta intanet yana iya cinye gigabait 50 ko fiye, faifai kuwa ana saye na hannu, ana musaya da maƙwabta. Ka duba lambar shekarun da ke jikin kwalin, in ka ga 18, irin su GTA, ba na yara ba ne ko kaɗan. A cikin saitin na'urar akwai wurin da uba zai ƙayyade awa nawa yaro zai yi a rana, ta fitar da shi daga wasan idan lokaci ya cika, don kada wasa ya ci lokacin Islamiyya da aikin gida. In kuɗin bai kai duka biyun yanzu ba, fara da na sana'a, ka gaya musu gaskiya cewa bikin farko da na biyu da kwamfutar ta gyara, ribarsu ta gem ɗinsu ce.

Ranar da za ka shigo Ikeja, ka zo da safe, kada ka zo da gaggawa, kuma kada ka bi masu tare mutane a bakin titin Otigba suna cewa me kake nema. Shago mai lamba da rasit za ka shiga, a rubuta maka lambar jikin na'urar da kwanakin garanti a kan rasit ɗin. Ba a cinikin biri a sama, sai ka kunna ka gwada. Ka shiga saiti ka karanta cikakkiyar lambar furosesa da yawan ram da idonka. Ka danna madannin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc, ka tabbatar ka ga 2.0. Ka buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, in ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ka nemi ragi ko a sauya. Ka sa a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyar SSD. Ka sake kunna ta ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta hau, don ka tabbatar ba a sa masa kalmar sirri ba. Ka buɗe farin shafi da baƙin shafi ka nemi tabo ko ɗigo a allo, ka gwada kowane madanni da kowace ƙofar USB, har da ramin katin memori.

Ka taho da filash ɗinka ɗauke da hoton RAW guda ashirin na bikin da ya fi ba ka wahala, wanda ke da farar shadda da jan leshi. Ka biyo ta shagona tukuna mu tafi tare, mu buɗe su a kan duk allon da kake so ka saya, mu ga wanda zai nuna mana fuskar amaryar kamar yadda ka gan ta ranar.